Sirdin Baba Mai Famfo

Duk layin babu wanda bai san Baba Mai Famfo ba. Shi ake kira in bututu ya fashe ko tanki ya ƙi cika, ya iso kan baƙin kekensa, jakar sifanu tana ƙara a baya. Keken ya girmi 'ya'yansa duka, sirdinsa kuwa ya bushe ya zama kamar katako. In an yi masa magana sai ya ce namiji ba ya neman laushi.

Babbar 'yarsa, wadda ke aikin asibiti, ta lura ba ya iya zama kan benci sai ya karkace. Ta sayo masa sabon sirdi mai jel a ciki, irin wanda in ka danna da yatsa yake lotsawa ya dawo.

"Wannan ai na 'yan gayu ne," in ji Baba, yana ta danna shi.

"Baba, gwadawa kawai za ka yi."

Mai gyaran keke ya ɗaura masa. Baba ya hau yana gunaguni, ya zaga layi, ya sake zagawa. Ran nan sai da ruwa ya kai wa wata mata har idon sawu a kicin tana jiransa.

Daga nan tsoro ya kama shi. Rana za ta ƙona sirdin, ruwa zai shiga. Ya sa masa leda. Ledar tana santsi, ya naɗa tsumma. Tsumman yana zamewa, ya ɗaure da robar tsohon tib ɗin taya, ya kifa tsohuwar hularsa a kai.

Matarsa ta taɓa ƙunshin ta ce, "Malam, an kawo maka katifa ka mayar da ita dutse."

"Ke ba ki san darajar kaya ba."

Shekaru ya yi a haka, yana yabon laushin sirdinsa a majalisa, yana sauka yana dafe ƙugu. Ranar da keken ya karye a wuya, mai gyara ya kwance tsummokaran. Sirdi fes, ko ƙwarzane babu.

"Ka ga ƙarko!" in ji Baba.

"Yo Baba, wa ya taɓa zama a kansa?" in ji mai gyara.

Da aka mayar da sirdin kan wani keken, matar Baba ta kwashe tsummokaran ta zuba a shara. Dole ya hau sirdin haka nan, ba rufi. Kafin damina ta wuce sirdin ya tsage a hanci, jel ya fara leƙowa. Baba ya jawo keken har tsakar gida ya nuna wa matarsa.

"Kin gani ko?"

"Na gani. In ɗebo maka tsumma?"

Ya shafa sirdin.

"Bar shi," ya ce. Ya buɗe jaka ya ɗauko gam ɗin bututu, ya liƙe wurin, ya fita aiki yana fito.