Ɗorawar Bayan Rigachikun

Da ana mayar da ashana cikin kwali bayan an ƙyasta, da na mayar da wadda na ƙyasta a dajin bayan Rigachikun.

A lokacin ina masinja a wata ma'aikata, muna haya a Kawo, a gidan da hayaniya ba ta ƙarewa. Duk Asabar sai in hau keke in wuce Rigachikun, in ratse zuwa bakin wata fadama inda akwai tsohuwar ɗorawa. A gindinta nake zama. In saurari kurciyoyi, in kalli fakara tana kiwo, in yi azahar, in dawo gida raina a sanyaye.

To amma magidanci ba ya cewa ya tafi daji zama kawai, yanzu a ce aljanu ke kiransa, a fara nema masa rubutun sha. Sai na sayi tsohuwar bindigar toka, na ce farauta nake zuwa. A hanyar dawowa in sayi zomo wurin maharban gaskiya. Unguwa ta sa mini suna Sarkin Baka, ni kuma ina amsawa har da gyaran murya.

Maƙwabcina, wani direba a tashar Kawo, shi ne bai yarda ba. Ya ce bai taɓa jin warin albarushi a rigata ba, kuma zomayena duk da yankan wuƙa suke zuwa, babu ramin harsashi. Ya dage sai ya bi ni, da ƙannensa da karnuka. Na kai su wurin ɗorawar, don ban san wani daji ba. Rani ne, ciyawa ta bushe ƙayau. Muka yi ta bulayi, ko ɓera ba mu tayar ba. Ya ce ai kowa ya san wuta ke fito da nama, ya miƙo mini ashana.

"Bismillah, Sarkin Baka. Ko ita ma ba ka iya harba ta ba?"

Da na faɗi gaskiya, da dariya kawai za su yi mini. Na ƙyasta.

Gafiya biyu muka samu. Wutar ta cinye ciyawar fadamar, ta shiga kogon ɗorawar ta yi ta ci daga ciki. Da na koma ni kaɗai, na tarar da ɗorawar kwance, baƙa ƙirin, babu tsuntsu ko ɗaya. Na zauna a rana na ɗan lokaci, na tashi.

Na sayar da bindigar. Aka ce tausayin dabbobi ne ya kama ni, har limamin unguwa ya yaba mini a gaban jama'a. Wannan yabon ma na karɓe shi. Na gwada wasu inuwoyin daga baya, ban iya zama ba.

Don Allah, duk wanda Allah ya ba wurin da ransa ke hutawa, kada ya kai mutane can don ya kare sunansa. Ya bari a yi masa dariyar.