Sunayen da Na Ƙi Rubutawa

Shekarar da aka ba ni hedimasta a wata ƙaramar firamare da ke yankin Kafin Dafga, abin da na gada shi ne kujera mai ƙafa uku da aka tokare da bulo, da rabin kwalin alli, da malamai biyar waɗanda duk sun girme ni. Ƙararrawarmu ma tsohon wilin mota ne a rataye jikin darbejiya. Ba ni da abin ba wa kowa, ba ni da ikon hana kowa komai.

Da rani lafiya lau. Ruwa na sauka, sai malamai su ɓace. Manoma ne tun kafin su riƙe alli, kuma abin da ke cikin rumbu shi ke riƙe musu gida. Ni kaɗai zan buga wili, in yi ta zagaya aji shida kamar mai cigiyar akuya.

Da farko na yi wautar sabon shiga. Na sayi jan biro, ƙarfe takwas na ja layi a littafin sa hannu. Washegari babban cikinsu, malamin Arabiyya da nake kira Baba, ya dubi layin ya ce, "Malam, layinka ya miƙe, Allah ya yi albarka. Sai dai ciyawa ba ta san da shi ba." Ya hau kekensa ya nufi gona. Na ji haushi, na kuma ji kunya, don gaskiya ya faɗa.

Ana haka mai duba makarantu ya zo daga Karaye a kan babur, ya tarar da ni kaɗai. Ya ce bayan mako biyu zai dawo, in ba shi sunayen marasa zuwa, in ba haka ba kujerata ce za ta tafi. Na san abin da sunayen za su jawo: a wulla mutum wata makaranta nesa da gonarsa ana tsakiyar noma.

Ban rubuta ba. Na bi su gona-gona na ce mu yi gayya, mu shida mu taru a gonar mutum ɗaya, Asabar da Lahadi da kuma bayan la'asar, har mu zagaye kowa. Tawa gonar tana can nesa a Ruwan Bago, ba ta cikin gayyar, ba wanda zan wahalar. Abin da za su rama mini shi ne shiga aji.

Baba ya ce, "Ka iya riƙe fartanya kuwa?"

Ban iya sosai ba. Ranar farko suka bar ni can baya, Baba yana cewa wannan layin dai bai miƙe ba. Hannuna ya yi bororo, ya fashe, na ƙi ajiye fartanyar.

Ranar da mai dubawa ya dawo, malamai biyar suna cikin aji, ni ina na shida. Duk da haka ya ce in kawo sunaye, ofis na jira. Na miƙa masa takarda fara fat. Ya dubi tafin hannuna ya yi dariya, ya ce, "Hedimasta ne ko ɗan ƙwadago?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga su can suna koyarwa, ka shiga ka tambaye su sunayensu. Ni ba zan rubuta ba. Kujera kuwa ga ta nan, in za a ɗauka a haɗa da bulon, don ba ta tsayuwa sai da shi."

Ya ninke takardar ya sa a aljihu. Kafin ya tayar da babur, na ji ƙarar wili, lokacin fita hutun tara ya yi. Na leƙa ta taga, Baba ne riƙe da ƙarfen bugun wilin. Tun zuwana makarantar, ranar ce wani ya fara buga shi ba ni ba.