Kafireta a Hannu, Ruwa a Gwiwa

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina tuƙa motar gwamnati, amma ranar da har gobe ba ta fita raina ita ce ranar da na kwance kafireta, mai haɗa wa inji fetur da iska, a bakin teku.

Farkon shekarun saba'in ne, ina zaune a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi, ina direba mai daraja ta biyu a sashen gandun daji. Ga waɗanda ba su sani ba, mai wannan daraja shi ake tura wa doguwar tafiya ba tare da makanike ba. Tuƙi naka, gyara naka, in mota ta salwanta kai za ka amsa tambaya. Aka ba ni Landiroba, aka ce in kai maigidana Malam Habibu, jami'in namun daji, ƙasar Muritaniya, ya ga wani yankin hamada da ke bakin teku wanda ake shirin keɓewa saboda tsuntsaye. Mako uku muka yi a hanya.

A can babu kwalta. Bakin tekun shi ne hanya, a kan yashi mai danshi ake gudu, don busasshen yana cafke taya. Aka haɗa mu da ɗan jagora, wani tsohon masunci mai suna Sidi. Ba ya jin Hausa, ni ba na jin Larabcinsu, sai Malam Habibu ke yi mana tafinta da ɗan abin da ya karanta.

Ran nan da hantsi muka tsaya a gindin wani tsauni mai tsofaffin kogwanni, waɗanda Sidi ya ce mutanen da sun zauna a ciki. Za su hau su gani, ni in tsare mota. Kafin su tafi tsohon ya nuna ƙasa, ya nuna teku, ya yi ta surutu. Malam Habibu ya ce wai in matsar da motar gaba, in hau da ita kan wani fako, don kafin azahar ruwa zai zo nan.

Na ɗaga kai na dubi sama. Ko ɗigon gajimare babu. Ruwan kuma yana can nesa, ya fi tsawon filin ƙwallo. Ni da na girma ina tsallake kogin Challawa da ƙafa, na san ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama. Na ce to, amma wallahi dariya na yi wa tsohon a zuci, na ce zafin rana ya taɓa shi.

Dama kwana biyu motar tana tari saboda yashin da ta shaƙa. Na ce ga dama ta samu. Na buɗe bonet, na shimfiɗa buhu, na kwance kafireta ɗai-ɗai, na zauna ina wankewa da fetur har da 'yar waƙata.

Sanyi na fara ji a dugadugai. Ina waigawa sai ga ruwa yana lasar bakin buhun. A motar nan jarkokin ruwan shanmu suke, da abinci, da takardun maigida, kuma ƙauye mafi kusa tafiyar yini ce a kan raƙumi. Na kwashe ƙananan kayan na zuba a hula na kifa a kai, ƙusoshin na cusa a baki, na hau haɗawa. In na ɗaura ɗaya sai in miƙa hannu in danna ham ko su maigida za su ji. Ruwa ya zo ya koma, in ya dawo sai ya wuce inda ya tsaya ɗazu. Kafin in ɗaure ƙusa ta ƙarshe ya kai mini gwiwa, ina jin yashi yana zamewa a ƙarƙashin tayoyi.

Ashe tun daga saman tsauni Sidi ya hango bonet a buɗe, ya juyo da maigida. Suka iso a guje, tsohon ne ma a gaba. Na murza makulli, shiru. Na sake, ta yi tari ta mutu. A na uku, da sunan Allah a bakina, ta tashi.

Nan ma na so in ƙara wata wautar, don kan busasshen yashi na nufa kai tsaye. Sidi ya damƙe sitiyari ya juya ni, ya nuna in bi gefen ruwan. Wannan karon ban yi gardama ba. Muka tafi tayoyin hagu cikin ruwa har muka kai fakon da ya faɗa tun farko, muka haye.

Da na fito na zauna a ƙasa ina ta hamdala. Kafin mu idar da azahar, inda motar ta tsaya ruwa ya kai ƙirjin mutum. Na jira faɗa, har na fara tunanin abin da zan gaya wa iyalina in aka sallame ni. Malam Habibu ya dube ni ya ce, "Ɗanlami, in mun isa gari ka wanke ƙasanta da kyau, gishiri yana cin ƙarfe." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma bai sa a rahoto ba. Allah ya ji ƙansa. Sidi kuwa shayi ya dafa, ya miƙo mini kofin farko.

To ku masu tuƙi yanzu, lasisi mota ya koya muku, bai koya muku ƙasa ba. Duk inda kuka sauka, mai wurin ya fi ku sanin wurinsa, ko da ba kwa jin bakinsa. Tun daga ranar ban sake kashe inji a baƙon wuri ba sai na tambayi ɗan gari.

Da muka dawo na ba abokaina labari a wata majalisa a Tarauni, na ce akwai ruwan da yake zuwa ya koma sau biyu a yini ba tare da hadari ba. Suka kwashe da dariya, wani ya ce tafiya ta koya wa Ɗanlami ƙarya. Na buɗe baki zan rantse, sai na fasa. Su ko kusa da wurin ba su je ba. Ni ina tsaye a kansa aka gaya mini, na ƙaryata.