Tautau a ɗakin 'yata

Shekarar da ƙodar 'yata ta fara gazawa, likita ya hana mu ajiye kyanwa ko tsuntsu a gida. Ita kuwa ta gaji da kallon bango. A Madina aka haife ta, ina yi mata Hausa tana mayar mini da Larabci. Wata rana bayan mun dawo daga wankin ƙoda ta miƙo mini waya, na ga wani ƙaton gizo-gizo mai gashi.

"Baba, abgha hada, wannan nake so. Ba ya kuka, ba ya wari."

Na ce mata a garinmu tautau ake kiransa, da takalmi ake gaishe shi. Ba ta yi dariya ba.

Muka je wani shago a unguwar Al-Azizya, na wani mutumin Sudan da ke sayar da kifin ado. A can ciki yake ajiye irin waɗannan gizo-gizon cikin kwalaben gilas. Idonta ya tsaya kan wani shuɗi mai sheƙi.

"Wannan ba na ɗan koyo ba ne, 'yata," in ji shi da Hausarsa ta Sudan. "Yana da gudu, yana cizo, dafinsa na kwantar da mai lafiya ma."

Ya dubi hannunta da allurai suka ɓata, ya kau da kai. Sai ya jawo wata baƙa mai murɗaɗɗen gashi, ta lafe a kusurwa. Ya ce wannan mai haƙuri ce, ƙwaro ɗaya ya ishe ta kwanaki, sai dai kada a riƙa ɗaukarta a hannu.

"Shekara nawa take yi?" 'yata ta tambaya.

"Macen tana daɗewa sosai. Namijin ba ya jimawa."

Sai ta ce a ba ta macen. Na biya kuɗin.

Ta kula da ita har zafi ya shigo. Daga nan jikin ya tsananta, aka kwantar da ita a asibiti, ciyarwar ta dawo kaina. Kyankyasai nake jefa mata, ina kau da fuska.

Wata safiya na tarar da tautau ɗin a rigingine, ƙafafu sama, ba motsi. Na kira 'yata a waya, na faɗa mata abin da na gani.

"La tilmasha, kada ka taɓa ta, Baba. Ba mutuwa ta yi ba, fata take canjawa." Muryarta can ƙasa. Sai ta ƙara da Hausa, abin da ta daɗe ba ta yi ba: "Ka kawo mini tsohuwar in gani."

Washegari na tarar tautau ɗin ta fita daga tsohuwar fatar, na sa fatar a kwalin dabino na tafi da ita asibiti. A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya ta ce an mayar da 'yata ɗakin da ba a shiga da komai. Na ɗaga kwalin ta jikin gilas. Idonta a rufe yake, na tsaya a haka har hannuna ya gaji.