Ɗacin Maganin Baba Ɗanjuma

Har yau ranar da Baba Ɗanjuma ya dawo mana da kwalbarsa ba ta fita a raina ba. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, ina aikin share ɗaki da kiran marasa lafiya a sashen ido na wani asibiti a Gusau, da yamma kuma ina zuwa ajin yaƙi da jahilci.

Baba Ɗanjuma manomi ne daga wajen Bungudu. Wani farin tsiro ya fito masa a gefen baƙin ido, likita ya ce ciwon daji ne. Aka yi masa aiki aka yanke. Da wurin ya warke, aka ba shi maganin ɗigawa mai ƙarfi, wanda ke kashe ragowar ciwon da wuƙa ba ta samu ba. In aka yi sakaci, tsiron kan dawo, har ta kai a cire idon.

Cikin azumi ya dawo, ko rabin kwalbar bai ɗiga ba. Sista Hajara, babbar nas ɗinmu, ta ɗaga ta ta duba.

"Baba, ajiya muka ba ka?"

Ya sunkuyar da kai. "Ɗiyata, in na ɗiga da rana, ɗacinshi nika ji ga maƙoshi. Tun ina yaro ban taɓa shan azumi ba. Yanzu da hurhura zan fara?"

Na ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. Ta ce akwai wata 'yar kafa a kusurwar ido ta wajen hanci, ta nan maganin ke gangarawa zuwa maƙoshi. In ya ɗiga, ya rufe ido ya danne wurin, sannan ya wanke hannu.

Ta ɗiga masa. Ni na kama yatsansa na ɗora a wurin. Muka jira. Can ya haɗiye yawu a hankali.

"Babu ɗaci," in ji shi. Hawaye ya zubo daga ɗaya idon, mai lafiyar.

Ta ce in ya koma gida ya ƙara tambayar limaminsu, don hankalinsa ya kwanta. Ya gama maganinsa, ba a cire idon ba.

Ku da kuke sabon shiga aikin asibiti, mara lafiyar da ya bar magani ba kullum taurin kai ba ne. Sau da yawa akwai wani abu da yake tsoron rasawa fiye da idonsa. A jawo kujera a tambaye shi.