Abin da Goggo Ta Hango Ta Taga

Goggo, ƙanwar babana, ta shekara arba'in da ɗaya tana ɗinki a shago guda, wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya a layin makarantar firamare. Kayan 'yan makaranta ta fi ɗinkawa. Babana ya ce a da ba a kai ta surutu da tsokana ba. In ta auna yaro sai ta dubi uwarsa ta ce, "Taki kike zuba masa ne? Wata uku wando ya ɗage." Ni ban riski wannan Goggon ba. Wadda na sani, sai ku wuni tare ba ta ce uffan ba.

Abin ya faru kafin a haife ni. Wata ranar Laraba, 'yar mai gidan burodi, yarinya 'yar shekara bakwai, ta tafi makaranta ba ta dawo ba. Washegari aka tsinci gawarta a kwalbati bayan tashar mota, an shaƙe ta. Uwar ta fito ko mayafi babu, tana bin shaguna tana tambayar wa ya ga 'yarta jiya. Da ta zo kan Goggo, Goggo ta faɗi abin da ta sani.

"Na hango ta ta taga, Yaya. Mai gyaran rediyo ne ya goya ta a kekensa, wajen bakwai da rabi."

Gaskiya ta faɗa. Mutumin baƙo ne, shekararsa biyu a layin, ga shi da in'ina mai tsanani. Ya saba rage wa yara hanya, kowa ya san haka. Goggo na shirin ƙarawa da wannan, amma wata mata da ta zo karɓar ɗinki ta riga ta yi waje da maganar. Kafin awa guda, "ya goya ta a keke" ta zama "an ga ya nufi bayan tasha da ita".

Shagonsa ƙofa uku ne daga nata. Mutanen layin suka jawo shi waje da sukudireba a hannunsa. Ya buɗe baki zai yi bayani, in'inar ta riƙe shi, wani ya ce ai ga shi nan, ya kasa magana. Goggo ta fito da tef ɗin awo rataye a wuya tana cewa ba haka ta ce ba. Wani ya tura ta baya, ya ce, "Kin yi naki, koma ciki." Da katako da bulo suka gama da shi. Suka cinna wa shagon wuta, har da rediyoyinsu da suka kai gyara. 'Yan sanda sun iso babu sauran abin ceto.

Kwana biyu bayan haka malamar ajin ta kai rajista ofishin 'yan sanda: yarinyar ta shiga aji ranar, sai lokacin hutun tara ta fita. Bayan wata goma sha ɗaya aka kama mai gasa burodin mahaifinta a wani gari yana jan wata yarinya, ya amsa laifin duka biyun. Goggo ta tuna ta gan shi cikin taron ranar, riƙe da katako.

Da aka zo binciken kisan mai rediyo, duk layin kowa ya ce ba ya nan. Goggo kaɗai ta je ta ba da sunan mutum bakwai, har da ƙanen mijinta. Aka rubuta, aka ajiye, ba a kama kowa ba. Mijinta ya sake ta a satin. Kusan shekara biyu ba wanda ya kawo mata ko liƙin maɓalli, babana ne ya riƙe ta.

Ta je wurin matar mamacin sau ɗaya, ta tarar tana ɗaure kaya.

"Ƙarya kika yi masa?" matar ta tambaye ta.

"A'a."

"To me kike so in yafe?"

Washegari matar ta bar garin da 'yarta.

Daga nan Goggo ta daina shaidar komai. In an tambaye ta ko ta ga wane ya wuce, sai ta ce idonta na kan allura. Ba ta sake aure ba.

Bara, a gadon asibiti, ta ba ni labarin nan duka, ta ce in nemo mata 'yar mai rediyo. Na sha wuya kafin na samu lambarta. Yanzu har ta yi jikoki. Ta saurare ni har na gama, ba ta katse ni ba.

"Ina kan keken ranar," ta ce. "Ina gaba, jikin Baba ya kare ni. Tare ya sauke mu a ƙofar makaranta. Ba wanda ya tambaye ni."

Ta ce za ta yi tunani ko za ta zo. Goggo ta rasu bayan kwana tara, 'yar mai rediyon ba ta zo ba, ni kuma ban faɗa wa Goggo abin da ta ce ba.