Labarin da Alhaji ya kai Kano

Shekarata ta farko a Dubai, sai in kwana uku ban yi Hausa da kowa ba. Mu shida ne a ɗakinmu na Al Warsan, kowa da yarensa. Abin da ya ɗebe min kewa shi ne UFO, abubuwan nan masu kama da faifai da ake cewa daga wata duniya suke zuwa. Akwai wani marubuci Ba'amurke da ya yi littafi kan wani da aka ce ya faɗo a hamadar ƙasarsu, sojoji suka kwashe shi da gawarwakin halittun da ke ciki suka ɓoye. A waya nake karantawa cikin bas, ina yi ina duba ƙamus. Rabin Turancina a wurinsa na koya. Labari ya cika min ciki, ba wanda zan ba.

A unguwar Deira nake aiki, ofishin kago masu tura kayan 'yan kasuwa ƙasashe, ina naɗe kaya. Nan na san wani Alhaji ɗan Kano mai sarin abaya, duk wata biyu yake zuwa. Rannan yana zaune kan kwali yana jiran awo, na daure na fara ba shi labarin. Bai yi dariya ba.

"To da suka kwashe, ina suka kai gawarwakin?" ya ce.

Wallahi ranar ko abincin rana ban nema ba. Daga nan in ya zo sai ya sayo mana shayi, ya ce, "Malam na sama, yalla, ina muka tsaya?"

Sai na ci karo da wani tsohon bidiyo. Marubucin nan ne tsaye gaban taron masu bincike irinsa, yana faɗa da bakinsa cewa ya yi aiki da jami'an leƙen asiri, yana miƙa wa wani abokin bincikensa bayanan ƙarya, har mutumin ya samu taɓin hankali. Ana ta yi masa ihu. Na rasa wanne ne gaskiya cikin abin da na haddace, wanne ne ƙaryar da aka shuka.

Sati uku ina juya abin. In na yi shiru, ina da mai saurarona.

Da Alhaji ya dawo, tun kafin ya zauna ya ce, "Ka san yanzu a layinmu na Kano bayan La'asar ni ake zagayewa ina ba da labarin nan? Na ce musu wani mai ilimi ne a Dubai ya karanta da idonsa."

Na ajiye almakashi na faɗa masa duka.

"Ka san haka lokacin da kake ba ni?"

"Ban sani ba, Alhaji."

"Na yarda. Amma ni da furfurata in koma in ce wa mutane me?" Ya miƙe. "Khalas, shi ke nan, auna min kayana."

Har yanzu yana zuwa Deira, sai dai kayansa ya mayar wani ofishi a layin baya. Sau ɗaya muka haɗu a bakin tashar jirgin metro. Ya tambayi mutanen gida, na tambayi kasuwa. Akwai wani sabon abu da na gano kan yadda aka shirya ƙaryar nan, ya ma fi na da daɗin ji, yana nan a bakina. Alhaji ya duba agogo, ya ce a gaida aiki.